Akwatin da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Tun kafin komai ya faru, tsorona ɗaya ne: wata rana waya ta yi ƙara, in ɗauka, in ji baƙuwar murya tana tambaya ko ni ce matar direban nan. Mijina direban motar haya ne tsakanin Gashuwa da Nguru, kuma duk tasha an san shi da gudu. A wurinsu ba abin ɓoyo ba ne, abin yabo ne. In fasinja ya zo yana sauri, shi 'yan kamasho suke nuna masa. "Shiga wannan, Alhaji, kafin ka gama ɓare gyaɗarka kun isa." Ni kuwa duk sanda irin wannan yabon ya zo kunnena sai tsorona ya ƙaru. Ko tuwo nake tuƙawa, in na ji jiniyar motar asibiti ta wuce, sai na ajiye muciya na kira shi. In ya ɗauka in rasa abin faɗa, in ce dama tambaya zan yi ko zai taho mana da albasa.

Gudun nasa da jikina na san shi, ba labari aka ba ni ba. Bayan bikinmu, da ya tashi kai ni ganin gida Nguru, a gaba ya zaunar da ni, wai amarya ba ta zama a baya. Muna fita gari ya taka mota. Gorubar bakin hanya ta daina zama ɗaya-ɗaya, ta haɗe ta zama kamar katanga. Na riƙe mariƙin ƙofa da hannu biyu. Shi ko yana kauce wa ramuka da hannu ɗaya kamar ya haddace su, kuma ya haddace ɗin. Can sai wata mota da ke tahowa ta kunna mana fitila ta kashe, ta sake kunnawa, direbanta ya fito da hannu ya nuna ƙasa. Nan take mijina ya ɗaga ƙafa, mota ta koma tafiya kamar ta ɗauko ƙwai.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Akwai mutane a gaba."

Ai kuwa muna shan kwana sai ga shinge, itace da tsoffin tayoyi a tsakiyar titi, da masu kaki a inuwa. Ya sauke gilashi tun daga nesa. "Ranka ya daɗe, ya aiki? Ya rana? Ya aka ji da mu?" Ya miƙa hannu suka gaisa, na ga abin da ya bi tafin hannun a nannaɗe. Mai kakin ya leƙo ya ce, "A'a, yau da amarya ake tafe? Allah ya ba da zaman lafiya." Aka janye itace. Ko ɓacewa ba su yi daga madubi ba ya sake taka mota.

"Kin gani, 'yar Nguru?" in ji shi. "Wanda zai kama ka a hanya mutum ne. Yana da ciki, yana da 'ya'ya, yana son a girmama shi. Ka gaishe shi da kyau, shi ke nan an wuce wurin."

Na ce, "To saniya fa, in ta shigo titi? Ita ma gaishe ta za ka yi?"

Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. Da muka isa ya ba babana labarin, shi ma ya yi dariya. Ni ce kaɗai ban ga abin dariya ba.

Shi ya sa da maganar Saudiyya ta taso, ni kaɗai ce a gidan na yi murna ta gaskiya. Wani abokin yayansa da ya daɗe a can ne ya samo masa aiki wurin wani Balarabe mai shagunan kayan abinci, zai riƙa kai kaya daga gari zuwa gari, in ya yi shekara biyu ya dawo. Lokacin 'yarmu ta fara rarrafe. Mata suna shigowa suna yi mini jaje, "Sannu, za a bar ki da ɗanyen goyo," ina sunkuyar da kai ina amsawa, amma a raina cewa nake, can ai babu rami, babu shanu, babu babbar mota mai fitila ɗaya. Na ɗauka ni da tsoro mun rabu ke nan.

Aka bar ni a gidansu a Gashuwa, wurin mahaifiyarsa, Inna, da wansa wanda duk muke kira Yaya, shi ne mai faɗa a ji tun rasuwar mahaifinsu. Inna ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Amma tana da doka: matar matafiyi ba ta yawan fita, ba ta kwana a waje. Nguru da take nan kusa, wadda mijina yake zuwa ya dawo ya sake komawa a yini ɗaya, sai ta koma mini kamar wata ƙasa. Na ce ba komai, abu ne mai ranar ƙarewa.

Ni karatuna bai yi nisa ba, saboda haka saƙon murya muke yi, wani lokaci kiran bidiyo in akwai caji da kati. A farkon zuwansa bakinsa ba ya rufuwa don murna. "Ke, titi kamar faranti! Layi-layi, kowa da nasa. Tun safe nake tafiya ko shinge ɗaya ban gani ba. Ba mai tsayar da kai, ba mai ce maka kawo takardu. Motar kuma sabuwa ce, in kika taɓa ta kaɗan sai ta tashi."

Na ce, "Ai sai ka daina taɓa ta."

"Haba uwargida, a nan me zai same ni?"

Wata rana gab da magariba ya kira, ya jingine wayar a gaban gilashi yana tuƙi, ina riƙe da yarinya tana ta kai hannu za ta kama fuskarsa. Sai na ga wani farin haske ya wanke masa fuska ya ɗauke, kamar walƙiya.

Na ce, "Hadari ake a can?"

"Ina hadari a ƙasar nan? Wani akwati ne a kan ƙarfe a bakin titi. Kullum in na zo wucewa sai ya gaishe ni."

Ya ba ni labari yana dariya. Wai ranar farko da ya ga hasken, ɗauka ya yi irin tamu ce, ana sanar da shi akwai mutane a gaba. Ya rage gudu, ya gyara hula, ya shirya gaisuwarsa da ɗan Larabcin da ya tsinta. Ya yi ta tafiya, ba shinge ba dalilinsa. Sai ya ci gaba da abinsa. Hausawan da suke kwana ɗaki ɗaya sun gaya masa kyamara ce, hoto take ɗauka, kuma kowane hoto tara ce. Ya ce musu, to wa ya tsayar da shi? Wa ya karɓi lasisinsa? Wata ya ƙare, aka ba shi albashinsa cif, uban gidansa bai ce uffan ba, sai ma yabonsa da yake yi wai kaya suna isa da wuri. Wani watan ma haka. Daga nan mijina ya yanke wa kansa hukunci: uban gidansa babban mutum ne, lambar motarsa sananniya ce, irin motocin manyanmu da in sun zo shinge ake janye itace har da sarawa.

"Su akwatunan nan a kan ƙananan mutane suke aiki," in ji shi. "Ni ina da inuwa."

Hankalina bai kwanta ba, amma me na sani game da ƙasar da ban taɓa takawa ba? Na dai lura duk kiran da muka yi da yamma sai na ga hasken nan, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Har yarinya ta saba, in ya haska sai ta yi tafi.

Da shekara biyun ta kusa cika, gidan ya ɗauki shiri. Inna ta sa aka yi wa ɗakinmu sabon shafe. Na aika Nguru ƙanwata ta haɗo mini turaren wuta da humra, na sa ranar ƙunshi. Yarinya ta iya magana, na koya mata ta ce "Baba oyoyo," tana ta faɗa wa duk namijin da ya yi sallama, har mai kawo mana ruwa.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa da hantsi mijina ya kira. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ya ce in kai wa Yaya wayar. Na tsaya a bakin zaure ina jin rabin magana. Ashe duk hasken nan a rubuce yake, ba wanda ya ɓata. Tun farko an sa sunansa a matsayin direban motar, saboda haka tarar a kansa take hawa, ba a kan mai mota ba. Saƙonnin kuwa wayar shagon suke shiga, ba wanda ya ga dalilin gaya masa tunda kaya suna isa da wuri. Sai da aka je nema masa izinin fita ƙasar, na'ura ta ce a'a. Ba zai taka jirgi ba sai ya biya. Abin da ya taru kuma ya fi duk abin da ya ajiye, nesa ba kusa ba.

Can sai na ji Yaya ya yi tambayar da kowa a gidan nan zai yi. "To wane ne babbansu? Wa za a gani?"

Wannan tambayar muka yi ta juyawa har aka shiga damina. Mu abin da muka sani ke nan. In ɗanka ya yi laifi, ka nemi dattijo, a sa babbar riga, a je a durƙusa, a ba da haƙuri. Ko rai aka rasa a hanya, zama ake yi a yi magana. Yaya ya kira abokin nan nasa ya ce ya tara manyan Hausawan da ke can su je su roƙi arziki. Mutumin ya ce, "Wurin wa? Ƙarfe za mu durƙusa wa?" Yaya ya ji haushi, ya ce tun da ya ga ya fara sa jallabiya ya san ya manta gida.

Inna kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta ji wata maƙwabciyarmu za ta tafi Umra, sai ta ɗauki mayafi ta je kasuwa da kanta, ta zaɓo bandar tarwaɗa manya-manya, masu maiƙo, irin waɗanda ko mu ba ma ci sai da baƙo. Muka zauna ni da ita muna naɗewa a takarda muna ɗaurewa a leda don kada wari ya fita.

Na ce, "Inna, wa za a kai wa?"

"Mai hoton mana. Shi wanda yake zaune yana ɗauka."

"An ce fa ba mutum a ciki."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ke 'yar nan, akwatin shi ya kafa kansa? Akwai wanda ya kafa shi, kuma yana da uwa. A ce masa uwar yaron ce ta aiko, tsohuwa ce, ƙafa ta hana ta zuwa."

Kifin ya isa, ban san yadda Hajiyar ta yi ta wuce da shi ba. Mijina da abokan ɗakinsa suka yi miya da shi. Ya ce in gaya wa Inna an kai, ana dubawa. Na gaya mata haka, don ban ga amfanin kashe mata zuciya ba.

Shi ma fa ya gwada tasa. Ya je ofishin da kansa, ya sa fararen kayansa, ya yi gaisuwar nan tasa da ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya ce ma'aikacin ya amsa da fara'a, ya nuna masa kujera, har ruwa ya ba shi. Da ya gama ba da haƙuri, mutumin ya juyo masa da fuskar na'ura, ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ma ba shi da ikon goge ko ɗaya. Mijina ya ce mini, "Wallahi da zagina ya yi da na san yadda zan ɓullo masa. Mutum yana yi maka murmushi, kuma babu ƙofa."

Daga baya ya turo mini ɗaya daga cikin hotunan, uban gidan ne ya tura masa don kada ya ce sharri ne. Abin da zai ba ka haushi, duk hotunansa babu wanda ya kai shi kyau. Yana sanye da baƙin tabarau, ya yi ƙiba, yana dariya haƙora a waje. Yarinya ta ƙwallafa rai a kan hoton nan. In ta yi kuka shi nake nuna mata. Uban da ta sani ke nan, mutumin da akwati ya kama yana dariya.

Aka yi yarjejeniya zai ci gaba da aiki, albashi yana tafiya wurin tara. Aike ya tsaya. Turaren wutan na zuba a kwalba na tura ƙarƙashin gado. Ba yunwa muke ji ba, Yaya yana da gonar shinkafa wajen Dagona, amma komai sai na tambaya, har kuɗin sabulu. Ba a sake ni ba, ba takaba nake ba, ba kuma zaman aure nake ba. In na ce zan je gida in ɗan kwana biyu, Inna ta ce, "In ya dawo ya tarar ba kya nan fa?" kamar gobe zai sauka. In na kira babana ya ce in yi haƙuri, gidan miji gidan miji ne. Shi yana can ba ya iya fita ƙasa, ni ina nan ba na iya fita gari. Katangar gidan nan na san duk inda ta tsage.

Abu ɗaya dai na lura. A kiranmu na yamma hasken ya daina zuwa, daga baya ma ya daina kira yana tuƙi. In ya tsaya ya kira sai ya yi ta mita, wai yanzu tsofaffi ma wuce shi suke, idonsa kullum a kan maleji kamar mai gadin tukunya. Ni kuwa a lokacin ne na fara jin jiniya ta wuce ban ajiye muciya ba.

Bayan kaka mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, Inna ta yarda in je in duba ta in dawo a ranar. Na goya yarinya na tafi tasha. Motar da ke kan layi ta abokin mijina ce, tare suka koyi tuƙi. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, matarmu! Yau an sako ki? Ya mutumin Makka? Har yanzu masu hoto ba su gaji da kyansa ba?"

Aka cusa ni a kujerar baya, a tsakiya. Dama da ni wata Madam ce mai shagon atamfa a Nguru, 'yar kudu, ta daɗe a nan har Hausarta ta fi tawa sauri. Hagu kuma wani tsohon Bafulatani da sandarsa a tsakanin gwiwoyi, da wani saurayi a jikin ƙofa. Gaba mutum biyu a kujera ɗaya. Ko ƙafata ba na iya motsawa, yarinya a cinya, buhun wani a ƙarƙashin sawuna.

Muna fita gari ya taka, irin takun da na sani. Kuma bakinsa bai yi shiru ba, sai da ya ba duk motar labarin mijina.

"Ku ji zalunci fa. Bai kaɗe kowa ba, bai daki motar kowa ba. Gudu kawai! Ka yi titi mai kyau, ka ba mutum mota mai kyau, sannan ka ɓoye akwati kana jiransa. Wannan ai tarko ne, neman kuɗi ne kawai."

Ɗaya daga cikin na gaba ya ce, "Fashi ne da rana tsaka. Gara namu, ka ga mutum ido da ido, ku daidaita."

Madam ta ce, "Ni dai a kawo akwatin nan hanyar nan, a kafa a kowace kwana. Da yanzu kai direba ko wandonka an sayar."

Aka fashe da dariya. Direba ya ce, "Madam, a kawo mana. Kwana nawa zai yi? Wani zai kwance ƙarfen ya yi ƙofar shago da shi."

Tsohon bai yi dariya ba. A hankali ya ce bara a wannan hanyar mota ta kashe masa saniya mai ciki, ta karya ƙafar wata. Ya ce da aka zauna, an ba shi haƙuri da kyau, ba zai yi ƙarya ba, har da dattawa. Sannan ya ce, "Haƙurin dai bai haihu ba."

Direba ya ce, "Baffa, ku ma ku riƙa kallon titi," ya ƙara wuta don ya wuce wata babbar mota. Na hango wata tana tahowa. Madam ta kira sunan Yesu, ni na kama salati, muka koma hannunmu da ƙyar, iskar babbar motar ta girgiza mu. Yarinya ta ƙanƙame ni. Ban san sanda bakina ya buɗe ba, ni da ko a gida ba a jin muryata.

"Malam direba, don girman Allah ka rage gudu. Da yarinya nake."

Ya kalle ni ta madubi, ya kwashe da dariya. "Jama'a ku ji! Kun san matar wa ke magana? Mijinta ne fa ya koya mana. A hanyar nan in ya wuce ka, sai ka fita ka duba ko motarka a tsaye take."

Duk suka yi dariya, har saurayin da bai ce komai ba tun tasha. Madam ce kawai ta dafa mini gwiwa. Gudun bai ragu ba. Sai can da wata mota ta kunna mana fitila ta kashe, ya ɗaga ƙafa, aka gaisa da masu kaki, hannu ya taɓa hannu, muka wuce, ya sake takawa. Ina zaune a matse ina kallon bayan kansa, sai na kama kaina ina roƙon Allah ya sa akwai akwatin nan a gaba, ya haska shi, ya sake haska shi. Akwatin da nake tsine wa kullum don ya riƙe mini miji. Har muka isa Nguru ban san wanne nake so ba.

Da na dawo, ba a jima ba Yaya ya tara mu a ɗakin Inna. Ya ce abin da ya rage a kan mijina ya yi sauƙi, in aka haɗa ƙarfi za a iya fitar da shi kafin azumi. Shi zai sayar da shinkafar da ya ajiye, Inna ta ba da tumakinta. Bai kalle ni ba, amma kowa a ɗakin ya san ina da 'yan kunne na zinare da mahaifiyata ta ba ni ranar da za a kawo ni, suna cikin kwalla a ɗaure a tsumma.

Na ce a ba ni zuwa gobe. Inna ta ɗago ta dube ni.

Na shiga ɗaki na kira mijina. Na ce, "Baban yarinya, zan ba da 'yan kunnena. Amma ina son alkawari ɗaya. In ka dawo, tuƙin da kake yi yanzu a can, shi za ka riƙa yi a nan."

Jin maganar dawowa sai muryarsa ta dā ta dawo, har da dariyar. "Haba 'yar Nguru. Nan dole ce ta sa. Hanyarmu akwai hoto ne? Kin san yadda ƙafata take ƙaiƙayi kuwa? In na yi wannan tafiyar hawainiyar a tasha, wa zai shiga motata? Kafin in yi sawu ɗaya wasu sun yi nawa?"

Ban taya shi dariyar ba. Da ya ji haka, sai ya sauya murya. "To, na ji. Ranki ya daɗe, na ji. A yi haƙuri, ba za a ƙara ba."

Na san wannan muryar. Ita ce ta bakin shinge, wadda ake yi kafin a janye itace.

Na zauna a bakin gado da tsumman a hannuna. In na riƙe, zai ƙara watanni a can, a tsare, amma yana tafiya a hankali, kuma ina barci. In na bayar, zai dawo, yarinya ta ga ubanta yana motsi ba a hoto ba, ni ma in fita daga wannan zaman da ba shi da suna, sannan in koma sauraron jiniya. Na juya abin ta kowace fuska ban ga inda babu tsoro ba. Yarinya ta shigo ta ɗauki wayar tana neman hoton da yatsa, ta ce, "Baba oyoyo."

Da safe na kai wa Yaya 'yan kunnen. Inna ta sa mini albarka har da hawaye.

Yanzu an biya, an ce na'ura ta buɗe, ana neman kujerar jirgi. Na fito da turaren wutan, bai huce ba. Mutanen tasha sun aiko wai sun samar masa mota, suna jiransa. Kowa a gidan nan murna yake, ni ma ina yi, wallahi ina yi. Amma jiya motar asibiti ta wuce da jiniya, na duba sai na ga muciya a ƙasa, alhali ko tasowa bai yi ba.

To, kai mai karanta wannan, roƙona ba mai yawa ba ne. In Allah ya sa ka shiga motar haya tsakanin Gashuwa da Nguru, ko ma wace hanya ce, ka ga direba yana gudu, kada ka yabe shi, ko da kana sauri. Ka ce masa ya rage. In kuma wata mace ce a kujerar baya da yaro a cinya ta riga ka faɗa, kada ka yi dariya, ka sa baki ka taya ta. Wataƙila direban mijina ne. Ni ba ya jin tawa, amma in kun yi yawa zai ji taku.